Rahoton Sakatare na Bana: Kuɗin Wata, Tafiyar Baltimore, da Littafin da Bai Fito ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa na birnin Cork na ƙasar Ailan da kewaye, har da waɗanda suka koma Limerick da Waterford amma sunansu na nan a rajista.

Na ga an fara tambaya a zauren WhatsApp ko rahoton bana ɓata ya yi. Bai ɓata ba. Ƙa'ida ce ya fito saura mako biyu a yi babban taro, ga shi ya fito saura kwana huɗu, dalili kuwa shi ne sai da na bi mutum goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kafin Ma'aji ya iya rufe littafi. Kun san aikin dare nake yi. Wanda duk ya ga kirana da ƙarfe takwas na safe ya ƙi ɗauka, ya sani daga wurin aiki na fito, ko ido ban runtsa ba.

Taron wata-wata an yi tara. Ɗaya azumi ya cinye shi, biyu adadi bai cika ba aka sha shayi aka watse. Idi biyu mun yi tare da sauran al'umma kamar kullum, an raɗa suna uku, mun yi rashin mahaifiyar Mataimakin Shugaba can gida, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta.

To, kuɗin wata. Yuro goma ne, tun kafin korona bai ƙaru ba. Suna sittin da uku ne a rajista. Waɗanda suka biya shekara cif mutum goma sha tara ne. Wasu goma sha huɗu sun taɓa, wata uku, wata biyar, suka yi shiru. Sauran ko sisin kwabo. Abin da ke ci mini rai ba rashin ba ne, don mai neman mafaka da ba shi da izinin aiki tun tuni muka ɗauke masa, haka ɗalibai. Mutumin da nake magana a kansa shi ne wanda ya sake mota bana, ya turo mana hotonta muka yi masa Allah ya sa alheri, amma in na tuna masa da Yuro goma sai ya ce “Malam Sakatare ke nan, ai muna tare.” Muna tare ba ta biyan kuɗin zaure. Mai zauren da muke haya ba ya jin Hausa, da yana ji ma ba zai karɓa ba.

Shi ya sa asusun jana'iza yake inda muka bar shi bara. Na ji ana cewa kwamiti ya yi barci a kansa. Ba barci muka yi ba. An yanke a taron bara cewa sai abin da ya saura bayan hayar zaure da alawus ɗin malamin yara za a zuba a ciki, kuma babu abin da ya saura. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan binne ɗan uwa a ƙasar nan, ko mayar da gawa gida, ya san ba kuɗin da za a tara cikin dare ɗaya da karo-karo ba ne. Ranar da abin zai zo, Allah ya nisanta ta, waɗanda ba su biya ba su ne za su fara cewa ina amfanin ƙungiya.

Batun rajistar ƙungiya a hukumance shi ma yana tsaye, kuma wannan laifinmu ne, ba na kowa ba. Ana buƙatar tsarin mulki da aka sa wa hannu da lissafin kuɗi a rubuce. Tsarin mulkin yana hannun kwamitin mutum uku da muka naɗa, sau ɗaya suka zauna. Ajin Hausa na ranar Asabar yana tafiya da ɗingishi, yara takwas zuwa goma, a lokacin sanyi kuwa wani lokaci malam shi da 'ya'yansa ne kawai.

Yanzu bari in zo kan abin da ya faranta mini rai, don shekarar ba duka ɗaci ba ce.

Tafiyar Baltimore ta samo asali ne daga ajin nan mai ɗingishi. Wata yarinya 'yar aji shida ta zo da aikin gida daga makarantarsu a kan 'yan fashin tekun da suka kwashe mutanen wani ƙauye mai suna Baltimore a yammacin Cork, ta tambayi malam a gaban kowa ko gaskiya ne Musulmi ne suka yi. Malam ya ce a ba shi mako guda. Da ya kawo maganar taron wata, Uwar ƙungiya ta ce ai gani ya kori ji, garin nan bai kai tafiyar awa biyu da rabi ba, a ɗauki bas a kai yaran. Nan take wani bawan Allah ya ce shi bizarsa ta Amurka ba ta fito ba. Har yau ana tsokanarsa. Amma bai yi laifi sosai ba, Baltimore ta Amurka ce kowa ya sani. Waccan ma ba daga wannan ƙauyen ta samo suna ba, daga sarautar wani Baturen Ingila ne, Lord Baltimore, wanda ƙasar sarautarsa ke can gundumar Longford a tsakiyar Ailan. Tamu ta bakin teku mutanenta ba su kai ɗari biyar ba. Da harshen Irish Dún na Séad ake ce mata, wato ganuwar duwatsu masu daraja.

Sharaɗi ɗaya na kafa, kuma a kansa na tsaya: wanda bai biya kuɗin kujera ba kafin ƙarshen Mayu ba zai hau ba, ko shi ne Shugaba. An ce na cika tsauri. Bas mai kujera hamsin da uku ta cika, har da jerin masu jira. Mutanen da shekara guda ban ga ƙeyarsu ba suka biya a kan lokaci. Ashe kuɗin akwai.

Mun tashi ranar Asabar cikin watan Yuni, aka ce ƙarfe takwas, muka bar Cork tara saura kwata, wanda a wurinmu wannan ma abin a rubuta ne. Muka bi ta Bandon da Clonakilty da Rosscarbery, muka yada zango na farko a Skibbereen. Ni na dage a tsaya can, don ba a fahimtar yankin nan sai an san yunwar da ta auka masa. Daga 1845 ciwo ya kama dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talakan Ailan safe da dare, ya dinga ruɓewa a cikin ƙasa shekara bayan shekara. Ƙasar da a ƙidayar 1841 take da mutum sama da miliyan takwas, cikin 'yan shekaru kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka tsallake teku. Skibbereen na cikin inda abin ya fi muni. A maƙabartar Abbeystrowry da ke bakin kogin Ilen, bayan gari kaɗan, akwai wani fili koren shar, shimfiɗe kamar filin ƙwallo na yara. A ƙarƙashinsa mutum dubu takwas zuwa dubu goma ne, an zuba su a ramuka, ba akwati ba suna.

Yaran da tun daga Bandon suke ihu, da aka faɗa musu abin da suke tsaye a gefensa, tsit suka yi. Baba Alhaji, dattijonmu na Damagaram, ya cire hularsa ya mayar, sannan ya ba su labarin farin 1973 da ya gani da idonsa yana saurayi, yadda shanu suka dinga faɗuwa a bakin rijiya, yadda mata suke tona gidan tururuwa neman tsabar hatsi. Da Hausa ya faɗa, a hankali, kuma ban ga yaro ko ɗaya ya nemi a fassara masa ba. Malam ya ƙara musu da cewa a 1847 Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aiko wa Ailan gudummawar fam 1,000 daga Istanbul. Na lura ya ajiye wannan ne da gangan kafin mu isa inda labarin zai juya.

Daga Skibbereen zuwa Baltimore kamar kilomita goma sha uku ne, hanya siririya tana bin kogi har ya faɗa teku. Garin kansa ɗan mitsitsi ne, gidaje a jere a kan gangare, dandali guda yana kallon tashar jiragen ruwa, sai wani dogon gidan dutse da ya tsere wa kowa tsawo. Wannan shi ne gidan sarautar O'Driscoll, zuriyar da ta mallaki gaɓar nan da tsibiranta shekaru aru-aru. Tun 1215 aka fara gini a wurin. Ya daɗe kango, ba rufi, sai a 1997 wasu iyali suka saye shi suka shiga gyara har 2005, yanzu ana shiga kallo a lokacin bazara. Mun shiga kashi biyu don matattakalar ba ta ɗaukar taro. Daga saman soron ana ganin mashigin ruwan gaba ɗaya, kuma nan mutum zai gane me ya sa sarakunan suka zauna a nan: duk jirgin da ya zo kamun kifi, na Sifaniya ne ko na Faransa, sai ya biya su kuɗin ruwa da kuɗin sauka. Baba Alhaji ya ce ai wannan Sarkin Ruwa ne da kuɗin fito, ba wani sabon abu. Su kansu ba su tsira daga zargin fashi ba. A 1537 suka wawushe wani jirgi mai ɗauke da giya zuwa Waterford, mutanen Waterford suka yi gayya suka zo suka ƙone garin. 'Yan uwanmu na Waterford da ke cikin bas sun sha tsiya ranar.

Bayan yaƙin Kinsale na 1601, inda sarakunan Ailan da mataimakansu na Sifaniya suka sha kashi a hannun Ingila, ƙarfin gidan ya karye. Wajen 1605 Sir Fineen O'Driscoll ya ba wani Baturen Ingila mai suna Thomas Crooke hayar wurin, shi kuma ya kawo mutanensa 'yan Furotesta suka kafa gari. Sana'arsu wani ɗan ƙaramin kifi ne ɗan uwan sardin da ke zuwa gaɓar garke-garke. A kama shi, a zuba masa gishiri, a danne shi cikin ganga har mai ya fita, a sayar da kifin daban man daban. Da wannan suka yi arziki. Gidajen masuntan suna ƙasa, a wani lungun ruwa da ake kira The Cove, ɗan nesa da tsakiyar gari.

Can muka gangara bayan azahar, kuma can malam ya ba da amsar da ya ɗauki alkawari. Lungu ne shiru, tsakuwa da ciyawar teku, 'yan kwale-kwale a ɗaure, ruwan ko motsi ba ya yi. Ya tsayar da yaran suna kallon teku, ya ce su ɗauka dare ne, daren 19 wayewar 20 ga Yuni 1631, kowa na barci. Jirage biyu sun tsaya a waje da mashigi. Shugabansu Murad Rais, wanda asalinsa mutumin Holan ne ɗan garin Haarlem, sunansa na yanka Jan Janszoon. Shi ma kama shi aka yi a 1618, ya musulunta, ya zama babba cikin 'yan fashin tekun Arewacin Afirka, har Iceland ya kai hari a 1627. A hanyarsu suka kama wani masunci ɗan Dungarvan, John Hackett, shi ya nuna musu hanyar shiga cikin duhu. Kafin malam ya rufe baki Uwar ƙungiya ta ce, “Da ɗan gari akan ci gari.” An rataye Hackett daga baya saboda wannan. Akwai kuma zargin da ya daɗe yana yawo a kan wani lauya mai ba da bashi na Cork, Walter Coppinger, wanda yake shari'a da baƙin a kan ƙasar, amma zargi ne, ba a kama shi da hujja ba.

Kafin gari ya waye sun cinna wa rufin gidaje wuta, sun kwashe mutum ɗari da 'yan kai, yawancinsu mata da yara. Wani mai suna William Gunter ba ya gida a daren, ya dawo ya tarar an tafi da matarsa da 'ya'yansa maza bakwai. Aka kai su Aljiyas aka sayar. Shekara goma sha biyar bayan haka, a 1646, majalisar Ingila ta aika wakili ya fanshi bayi a can, cikin mutanen Baltimore mata biyu kacal aka samu a jerin waɗanda suka dawo. Waɗanda suka tsira a daren kuwa tsoro ya sa suka tattara suka koma cikin ƙasa, Skibbereen ta ƙaru da su, Baltimore ta daɗe kamar kufai.

Yarinyar nan ta sake tambaya, “To Malam, Musulmi ne ke nan?” Malam ya ce mata e, da sunan Musulmi suka zo, kuma abin da suka yi zalunci ne, sunan bai wanke su ba.

Nan fa muhawara ta ɓarke tsakanin manya, ta bi mu har kan tabarmar cin abinci. Wani ɗan uwa, ba zan faɗi sunansa ba, ya ce bai kamata a faɗa wa yara haka ba, su da kullum a makaranta ake musu kallon baƙi, kuma ai Turawa sun kwashi miliyoyi daga Afirka, me ɗari ɗaya za ta yi a ciki. Wani ya ce ai Murad ɗin ma Bature ne. Baba Alhaji ya bari suka gama, sannan ya ce, “'Ya'yana, laifi tudu ne.” Ya ce kakarsa ta wajen uwa ba ta san garinsu ba, tana yarinya aka ɗauke ta a bakin rafi. Ya ce a kasuwar Kurmi ta Kano an sayar da mutane, ayari ya bi da su ta Agadas ya tsallaka Sahara har Tarabulus, kuma ba Bature ne ya kamo su daga ƙauyukansu ba. Ya ce wa ya sani, ko a kasuwar da aka tsayar da matar Gunter akwai wata tamu a tsaye kusa da ita, ba mai jin harshen wata. Malam ya tuna mana cewa a Arewacin Najeriya sai 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya, a Nijar kuwa sai 2003 aka mayar da ita laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Ni dai ra'ayina, tunda rahotona ne, gara yaro ya ji wannan daga bakin kakansa da harshen gidansu, da a jefe shi da shi a filin wasa ba shi da amsa. Ɗan uwan nan bai yarda ba har muka dawo, kuma yana da damar kawo ƙorafinsa ranar taro. Ya biya kuɗin watansa cif, wannan kam na shaide shi.

Abinci iyayenmu mata suka yi, Allah ya saka musu. Waina da miyar taushe, dambun shinkafa, soyayyen naman rago, zoɓo jarka uku. Mun ƙara da kifi da soyayyen dankali daga cikin gari don kada a ce mun zo mun tafi ba mu bar ko sisi ba. Akwai fararen tsuntsayen teku a wurin, manya kamar agwagwa, marasa kunya. Ma'aji yana tsaye yana bayanin yadda aka kashe kuɗin bas, waina a hannunsa, ɗaya ya sauko ta bayansa ya fauce ta ya bar shi da yatsu a buɗe. Yara suka raɗa wa tsuntsun suna shirwar teku, sunan kuma ya zauna. Mun yi sallar azahar da la'asar jam'i da ƙasaru a kan ciyawa, sahu uku, iska tana ɗaga dardumai sai da aka danne su da takalma. Wata tsohuwa 'yar garin da ta fito yawo da karenta ta ja shi gefe ta tsaya har muka sallame, sannan ta tambayi daga ina muke. Da aka ce mata mun zo jin labarin 1631 ne, ta yi dariya ta nuna mana wata mashaya a cikin gari da aka sa wa sunan Aljiyas. Ba mu shiga ba, hoto kawai aka ɗauka a ƙofa.

Bayan nan aka rabu biyu. Masu ƙarfin ƙafa muka hau zuwa hasumiyar da ke bakin mashigi, wata farar dunƙulalliyar gina ta dutse mai tsini, tsawonta kamar mita goma sha biyar, an gina ta a ƙarshen shekarun 1840 don jirage su gane hanya da rana. 'Yan garin Matar Luɗu suke ce mata, saboda a littafinsu matar Annabi Luɗu waiwayawa ta yi ta zama ginshiƙin gishiri. Malam ya yi wa yara bayanin yadda ƙissar ta zo a Alƙur'ani, cewa tana cikin waɗanda suka halaka. Wurin ba shinge, ƙasa kuma rami ne zurum sai teku, na riƙe wuyan rigar yaro biyu har muka sauko, hannuna ya yi tsami. A nan zan roƙi iyaye: in an ce kowa ya riƙe nasa, ba wasa ake ba. Sauran suka hau jirgin fito zuwa tsibirin Sherkin, tafiyar minti goma, inda kangon gidan ibadar 'yan ɗariƙar Faransiskan yake daf da inda ake sauka. A 1460 aka kafa shi, kuma shi ma mutanen Waterford ba su ƙyale shi ba a 1537. Hajiyoyi biyu da suka rantse ba za su hau ruwa ba su ne suka fi kowa turo bidiyo. Tsibirin Cape Clear, inda har yau ake magana da harshen Irish, ya fi nisa, lokaci bai bari ba. Na so yaran su je, su ga wasu ma suna fama da riƙe harshensu kamar yadda muke fama ranar Asabar.

A hanyar dawowa na karanta musu sauran abin da na tattara, ko da yake rabin bas barci take. Yadda garin ya farfaɗo a ƙarshen ƙarni na goma sha tara, lokacin da wata attajira ta Ingila, Angela Burdett-Coutts, tare da limamin cocin yankin, Charles Davis, suka samar wa masunta rancen sayen manyan jirage, aka buɗe makarantar koyon kamun kifi a 1887, jirgin ƙasa ya iso a 1893 yana kwasar kifi. Makarantar daga baya ta koma gidan tsare yara marasa galihu, aka rufe ta a 1950, kuma binciken da gwamnati ta fitar a 2009 ya bayyana irin yunwa da cin zarafin da yaran suka sha a ciki. Jirgin ƙasan ma ya daina zuwa a 1961. Yau garin da baƙi masu yawon bazara yake ci, da masu tseren jiragen iska, da jirgin ceto da ke tashar tun 1919. Mun shigo Cork wajen tara da rabi, rana ba ta faɗi ba, magariba sai a gida.

Lissafin tafiyar: abin da aka tara ya biya bas da kuɗin shiga gidan dutse da jirgin fito, ya bar rarar Yuro tamanin da biyar. Rasit duka suna wurin Ma'aji, har na kifin.

Wannan rarar ce ta kawo mu ga littafin. A cikin bas, da zafin abin, aka yanke cewa za a rubuta tarihin Baltimore da Hausa, shafi ashirin da huɗu da hotunan da muka ɗauka, don ajin Asabar, a kuma kai wa ɗakin karatun yankin kwafi. Aka yi tafi. Mutum biyar suka ɗaga hannu za su rubuta babi ɗai-ɗai. Wata biyar ke nan, babi biyu ne a hannuna, nawa da na malam. Ɗaya ya turo mini shafi uku da ya zuba wa manhajar fassara ya kwafo, inda aka mayar da gidan sarautar O'Driscoll “kulle”, na mayar masa, ya yi fushi. Biyu ba sa ɗaukar waya. Duk da haka na kai babi biyun wani wurin buga takardu a gwada, aka fito da gwaji duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke an sami ɗan akwati fanko, taken babin malam ya koma abin dariya. Sun ce za su iya gyarawa in mun kawo shi a tsare da irin harafin da ke ɗauke da su, kuma wanda ya iya wannan a cikinmu yana cikin masu bashin wata tara, na kira shi ya ɗauka maganar kuɗi ce ya kashe. Don haka masu cewa Sakatare ya danne littafi, ga inda yake. Yuro tamanin da biyar ɗin ba a taɓa su ba, ba kuma za su isa ba.

Na ji ana shawarar baɗi a je Cobh, inda jirgin Titanic ya yi tsayawarsa ta ƙarshe a 1912, wasu kuma suna son a koma a ƙarasa Cape Clear. Duk wanda aka zaɓa ina goyon baya, amma zan kawo shawara a taro cewa kujera ta zama ta wanda ba a binsa kuɗin wata. Na san za a ce na mayar da zumunci kasuwa. A ce. Zauren WhatsApp ɗinmu mutum tamanin ne da wani abu, kullum da asuba sai an turo addu'ar safiya ta cika waya, ranar Juma'a hotunan furanni, in ana rigimar siyasar gida saƙo ɗari uku kafin azahar. Na sa sanarwar share zaure kafin Babbar Sallah, mutum huɗu muka zo, biyu daga ciki matata ce da ɗiyata.

Wa'adina ya ƙare da wannan taron, shekara huɗu ke nan, kuma ba da wasa nake ba wannan karon. Rajista da littafin taro da makullin akwatin zaure zan zo da su a jaka ɗaya. Taro ranar Asabar ne bayan la'asar, a zauren da aka saba, Ma'aji zai zauna a bakin ƙofa da littafinsa tun kafin a fara. Sannan babbar kular Uwar ƙungiya mai jan murfi, wadda aka zuba miyar taushe ranar tafiya, tun Yuni ba ta koma gida ba. Wanda take wurinsa ya taho da ita, a wanke.

Wassalam,
Sakatare